Sun Ce Kawu Nasiru Ya Warke

Assalamu alaiki Umma,

Na san ba za ki karanta wannan takarda ba, shi ya sa ma na iya rubuta ta. Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, har ke, alhali kina da rai a lokacin.

Kin tuna watannin da kike kwance a asibiti, Abba yana wajenki, Kawu Nasiru ne yake kai ni makaranta? Kin ce in riƙa yi masa godiya, tunda ba ɗan'uwanmu ba ne, gari ɗaya kawai suka fito da Abba. Umma, ba kai tsaye yake kai ni ba. Yakan tsaya a bayan kasuwar Abu Hamour ta nan Doha, inda motocin kayan lambu suke jeruwa, ya taɓa ni inda bai kamata ba. Sau huɗu. Ya ce in na faɗa ciwonki zai ƙaru. Na yi shiru, kuma duk da haka kika tafi.

Muna nan lafiya. Ƙanwata Amira ta shiga aji ɗaya, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Abba ya koyi miyar kuka, sai dai gishiri yana yi masa yawa, mu kuma ba ma faɗa.

Bayan rasuwarki da wata biyar asirin Kawu ya tonu, amma ba ta kaina ba. Rahina ce, wadda ita ma ya yi wa haka, ta gaya wa uwarta, matar nan 'yar Kumasi da take yi miki kitso. Manyan mutanenmu na Doha suka taru a falonmu, ina kicin ina jin su. Suka ce in aka kai shi wajen 'yan sanda za a ɗaure shi, a kore shi daga ƙasar, matarsa da yaransa uku su rasa takardar zama, sunan 'yan Arewa kuma ya ɓaci. Sai suka ce su za su tsare shi da kansu. Ba zai shiga gidan da akwai yara ba. Makullin mota yana hannun matarsa. A masallaci wani dattijo ne zai zauna kusa da shi. Duk Talata kuma zai je ofishin Abba, tunda Abba likitan ƙwaƙwalwa ne. Suka ba uwar Rahina haƙuri har ta gaji ta yi shiru. Yanzu ba ta zuwa taronmu.

Abba ya ɗauki aikin nan da gaske, Umma. Na ji yana gaya wa dattijon cewa sau ɗaya ne kawai, Kawu ya rantse masa, ya yi kuka, yana samun sauƙi. Ina tsaye da tiren shayi a hannuna. Yaya za a yi ya warkar da mutumin da yake masa ƙarya tun ranar farko? Ni kaɗai na san ƙarya ce, amma bakina ya ƙi buɗewa. Kin san ni, ko a aji aka kira sunana murya takan ɗauke.

Yanzu shekara ta zagayo, sun ce ya warke. Sun mayar masa da makulli. Juma'ar da ta wuce aka yi fita bakin teku a Wakra, aka ce ya zo. Na gan shi ya saya wa Amira askirim, ya tsuguna yana gyara mata hijabi, yana ce mata yarinyar kirki. Haka ya fara da ni. Na je na janye ta, Abba ya yi mini faɗa don ban gaishe da babba ba.

Daga Asabar mai zuwa shi zai riƙa kwasar yara zuwa Islamiyya, saboda motarsa ce babba. Amira tana cikinsu, kuma gidanmu ne na ƙarshe a hanyar dawowa.

Na gwada gaya wa Abba sau biyu. Da ya ɗago ido sai in tambaye shi ko in kawo masa ruwa. Kuma in na faɗa, ba falo za su sake taruwa ba? Su ba ni haƙuri kamar yadda suka ba uwar Rahina?

Akwai wata malama a makarantarmu da aka ajiye don yaran da suke da damuwa. Ta taɓa gaya mana cewa irin wannan maganar ba ta da ikon ɓoye ta, dole ta kai wa hukuma. Na san yaran Kawu za su bar ƙasar, kuma babbarsu ƙawata ce. Na san za a tambayi Abba me ya sa ya rufa masa asiri, wataƙila aikinsa ya taɓu. Ina tsoron ranar da zai san ni ce. Za ki yi fushi da ni, Umma?

Na rubuta komai a shafi biyu, na sa sunana da ajinmu. Gobe Lahadi, ranar da makon makaranta yake farawa a nan, kafin a shiga aji, zan ajiye a kan teburinta. Ba sai na yi magana ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya kai miki rahama.

'Yarki,
Hafsatu