Na Mai da Takubban Ɗana Soson Wanke-wanke

Iyaye mata 'yan'uwana, kafin in kai ga kukana bari in ja muku kunne: in kika ga ɗanki yana tara tarkace a ƙarƙashin gado, kada ki ce shirme ne zai wuce. Ni haka na ce, ga shi yau kwana tara ban zauna wuri ɗaya na shanye kofin koko ba. Anti Zubaida, don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Kazaure, 'ya'yana biyar. Maigidan yana aiki a Gwiwa, sai Juma'a da yamma yake dawowa, saboda haka tarbiyya a wuyana take, kuma ba na wasa da ita. A gidana ba a ashar, ba a karta, ba a kwana da waya a hannu. Matsalar ta babban ɗana ce. Sunan surukina aka sa masa, don haka Baffa muke ce masa. Shekararsa goma sha bakwai, ya gama sakandare yana jiran sakamako.

Tun bayan jarrabawa shi da abokansa, su wajen goma sha biyu, suka ƙirƙiro wani wasa. Duk Asabar bayan la'asar sai su hau mashin su tafi wajen duwatsun hanyar Roni, su rabu gida biyu. Wannan ya ce shi ne sarki, wancan madaki, wani ɗan leƙen asiri, har da mai magani. Ba ɗauka suke a waya ba ballantana a ce sana'ar fim suke koyo. Labari kawai suke ƙagawa su shiga cikinsa, gari ya ci gari da yaƙi, a yi sulhu, mako mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya. Ƙatti da gashin baki!

Shi Baffa wai shi ne maƙerin gari. Yayana Maikasuwa, mai yin kujerun kushin a Babura, shi ke tara masa guntayen soso ya aiko a buhu. Sai ya sayo siririn bututun roba irin na masu wayarin ɗin wutar lantarki, ya toshe bakinsa, ya naɗe shi da soso, ya manne da gam, ya bi da salatif. Takobi ɗaya sai ya ci masa kwana biyu. In ya gama ya kira ƙanwarsa Sadiyya ya ce ta ɗirka masa a baya da dukkan ƙarfinta. In ya ji zafi ya kwance ya sake. Na sha hango wannan ta taga, ban taɓa tambayarsa ba. Kin san ɗan fari, ba zama muke mu yi ta hira ba.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne da ya fara fesa musu fentin azurfa. Na leƙa ɗakin samari ina neman tsintsiya, sai ga takubba goma sha ɗaya a jingine da bango suna ƙyalli. A wannan zamanin da muke ciki, yaro ya goya buhun abin nan a mashin, 'yan sintiri su tare shi a hanya, wa zai tsaya ya taɓa ya ji soso ne? In ma ba wannan ba, yau takobin wasa, gobe fa? Ai 'yan daba ba da girmansu aka haife su ba.

Ranar Alhamis na aike shi kasuwa, na kwaso su duka. Ni ba na almubazzaranci, don haka ban ƙona ba. Na sa wuƙa na farke, na zare bututun, na yayyanka soson ƙanana, na ɗebi na wanke-wankena, sauran na aika wa maƙwabta. Gida shida suka samu.

Da ya dawo ya tarar da ɗaki wayam, ya ga guntun soso mai azurfa a cikin kwanon sabulu. Bai ɗaga murya ba, ba a yi min haka. Ya durƙusa ya ce, “Umma, bakwai daga ciki na abokaina ne, gyara suka kawo min. Amana ce.” Na ce amanar da ta fi wannan ita ce ta ranka, tashi ka ba ni wuri.

Ranar Asabar na hana shi fita, na zaci shi ke nan wasa ya mutu. Ashe sauran sun tafi, da suka rasa takubba sai suka sassaro rassan darbejiya. Kafin magariba aka shigo da Zaharadeen, ɗan maƙwabciyata Shatu, riga duk jini. Reshe ya tsaga masa gira, ɗinki huɗu. A asibiti aka ce da ya ƙara sauka faɗin yatsa ɗaya da ido ya tafi. Lokacin da aka shigo da shi Shatu tana tsugune tana goge tukunya da soson da na aika mata. Da na je dubiya ta ɗago soson ta nuna min ta ce, “Maman Sadiyya, wata huɗu suna jibgar juna da wannan, ko ƙwarzane ban gani ba. Kin mai da shi na tukunya, yanzu ga tukunya tas, ga yaro da ɗinki.” Da murmushi ta faɗa, amma na ji ta har cikin ƙashina. Maigidana kuwa cewa ya yi, “Hajiya, ke kaɗai kin ci gari biyu da yaƙi.” Ban ga abin dariya ba.

Tun ranar, tsakanina da Baffa gaisuwa ce kawai. In ya ci abinci da tafin hannu yake wanke kwanonsa, ba ya taɓa soson. Ya roƙi babansa ya bar shi ya koma Babura wurin kawunsa ya koyi aikin kushin, babansa ya amince, Lahadi mai zuwa zai tafi. Na san ɗana. In ya tafi da wannan a ransa, baƙo zai dawo min. Ina shara in jefar da tsintsiya, in ɗora miya in manta gishiri. Yanzu in ce ni na jawo wa ɗan mutane, anjima in ce da nawa aka harbe a hanya fa? Kuma a gidanmu ban taɓa ganin uwa ta ba ɗa haƙuri ba.

Anti, ki gaya min gaskiya, na yi daidai ko na zarce? Domin na riga na tara 'ya'yana na kafa doka a gaban kowa: duk abin da ya yi kama da makami, na ƙarfe ne, na itace ne, na soso ne, ba zai ƙetare zauren gidana ba, kuma wanda ya je wasan dutse ya nemi inda zai ci tuwo.

Uwa Mai Neman Mafita, Kazaure

Amsar Anti Zubaida

'Yar'uwa, na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki saboda Lahadi ta kusa.

Tsoronki yana kan hanya. Takobi mai ƙyallin azurfa a bayan mashin haɗari ne na gaske, kuma Baffa bai yi tunanin wannan ba. Jinin Zaharadeen ma kada ki ɗora shi duka a kanki, waɗanda suka sari reshe suna da hankalinsu.

Amma kin zarce a wuri biyu. Kin lalata kayan da ba naki ba, ba kuma na ɗanki ba, kika sa ya ji kunya a gaban abokansa. Sannan kin yanke hukunci ba ki tambaya ba. Ki sake karanta wasiƙarki. Yaron da zai ba ƙanwarsa baya ta daka don kada abokinsa ya ji zafi, ba hanyar daba ya kama ba. Shi ne ya tsare idanun yara goma sha biyu tsawon wata huɗu, kuma Asabar ɗin farko da babu shi aka yi ɗinki. Kunyar ɗan fari ta hana ki kama sunansa, ba ta hana ki tambayarsa abin da yake yi ba.

Ki kira shi gobe, ku biyu kawai. Ba durƙusa masa za ki yi ba. Ki ce, “Na ji tsoro ne, kuma na yi gaggawa.” Na san mu iyaye mun saba ba da haƙuri da ƙarin nama a miya, amma wannan karon sai da baki.

Daga nan ki kira Maikasuwa ya aiko da buhun soso. A fara biyan takubba bakwai na mutane, na farko na Zaharadeen. Sharuɗɗa kuma ke za ki gindaya. Ba ƙarfe, ba itace, ba kara a ciki, sai bututun roba mara nauyi. A toshe bakinsa da kyau, soso ya zarce shi da kamar yatsa uku, domin tsinin ne ke huda soso ya sami ido. Ba fentin azurfa ko baƙi. Ki ciro ragowar atamfofinki masu rawaya da kore ki ɗinka musu riguna, yadda mai hange daga nesa zai san wasa ne. Ba duka a kai, ba a fuska, ba a wuya. A matsa kowane takobi kafin wasa, wanda aka ji bututunsa a ajiye shi. Babansu kuma ya ja yaran ranar Juma'a su je su nuna wa mai unguwa da shugaban 'yan sintiri takubban, su riƙe su ji da hannunsu.

In bayan wannan Baffa yana son zuwa Babura, ki bar shi. Mai irin wannan hannun bai kamata a hana shi sana'a ba. Ya dai tafi da albarkarki, ba da guntun soso a maƙogwaro ba.

Dokarki kuwa ba sai kin janye ta ba, gyara ta za ki yi a gaban waɗanda kika tara: babu takobin da zai fita daga zauren nan sai Umma ta gwada shi a bayan maƙerinsa. Na tabbata hannunki ya fi na Sadiyya nauyi.

Allah Ya ba Zaharadeen lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.