Karen da ya watsa 'yan kallo

Kazaure, daren Alhamis.

Tun da ƙanena Sale ya samu kwangila ya sayi majigi yana haska wa mutane fim a dandali, ya daina jin maganata, wai ban san zamani ba. Na hana shi haska fim ɗin Turawan nan, wanda kare ke cin abinci a kwanon yara yana lasar bakinsu. Ya haska. Malam Idi na Roni ya miƙe ya ja 'ya'yansa, ya ce, "Ƙazanta na kawo su su koya?" Sauran iyaye suka bi shi.

Ɗazu Sale ya zo ya durƙusa. "Yaya, gobe wanne zan sa?"

Na marayan nan da jakinsa mana, shi ke sa mutane hawaye. Amma na ce sai na yi tunani. Ya dawo da safe.