Baba da Asibitin Ƙafa Huɗu

Litinin, 5 ga Mayu

A ji, a kuma shaida: daga yau, ni maigidan nan, da cikakken hankalina, na haramta kallon "Asibitin Ƙafa Huɗu" a ƙarƙashin wannan rufin. Na ɓoye rimot a bayan babban ƙamus, inda na tabbata babu mai kai hannu.

Ga dalili. Shirin nan wai na barkwanci ne. Tsoho ne tukuf, wata tasha da ta rasa abin sakawa ce take maimaita shi da la'asar, kuma ina jin duk duniya mutum ɗaya ke kallonsa: Baba. Akwai likitan dabbobi mai tsoron dabbobi, da sakatariya mai yanke farce a kan teburin tiyata, da aku mai zagin duk wanda ya shigo. Da wani ya yi tuntuɓe da bokiti sai a saki dariyar da aka naɗa, ta mutanen da watakila sun daɗe a kabari.

Baba kuwa likitan dabbobi ne na gaske, har ya yi ritaya. Yanzu mantuwa ta cinye masa kusan komai. Sunana ya tafi tun bara, "Malam" yake ce mini cikin ladabi, kamar baƙo. Amma da an fara kiɗan shirin sai ya sa a ɗauko masa tsohuwar farar rigarsa ta aiki, ya zauna gaban talabijin ya hau faɗa. Yau likitan ya soka wa akuya allura yana kallon sakatariya. Baba ya zabura yana, "Za ka kashe ta, jaki! Wa ya ba ka takardar aiki?" Ya kai wa talabijin sanda, ƙafa ta kwashe shi. Ba don Maman yara tana kusa ta tare shi ba, da wani labarin nake rubutawa. Na auna jininsa, ya hau sosai.

Shi ke nan. An rufe asibiti.

Talata, 6 ga Mayu

Maman yara ta ce, "Baban yara, ka bar tsoho da abinsa mana." Na zaunar da ita na yi mata bayani a kan hawan jini da karayar ƙugu a wajen tsofaffi, har da abin da na karanta a wata mujalla. Ta saurara tsaf, ta ce, "To, masu ilimi," ta koma wanke-wankenta. Duk shekarun nan da muka yi tare ban gano yadda ake amsa wannan "to" ɗin ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ni ba azzalumi ba ne, na kawo madadi. Faifan namun daji na gaske: zakuna, giwaye, da mai sharhi mai murya kamar yana karanta wasiyya. Ilimi zalla, babu kuskure ko na ɗigo. Baba ya ɗora hannuwa a gwiwa ya kalla, ya ce "Madalla," barci ya ɗauke shi tun giwa ba ta gama shan ruwa ba. Na nuna wa Maman yara shi da haɓa. Kwanciyar hankali ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Jini ya sauka. Na yi nasara.

Baba ya bar rabin shinkafarsa.

Laraba, 14 ga Mayu

Na dawo daga ofis da wuri, idanu sun gaji da gyaran wani littafi da marubucinsa ke gaba da waƙafi. Da la'asar Baba ya nemi farar rigar. Maman yara ta sa masa, ta ɓalla maɓallai, don yatsunsa sun daina iyawa. Ya zauna gaban talabijin a kashe, ya gyara zama, yana jira.

"Nas" yake ce mata. Ya ce, "Nas, yau babu marasa lafiya ne?"

"Babu, Likita."

"To, mu ɗan jira. Wani lokaci suna makara."

Ya jira har rana ta faɗi. Ni ina kujerar gefe da littafi a fuska. Shafin da na buɗe shi na rufe.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bai nemi rigar ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Mun kai shi wajen likitansa. Jini lafiya lau, ya ma yaba. Sai dai sikeli ya nuna rama, wandon Baba ma sai da na riƙe masa ta baya da zai hau. Likita ya ce ciwon haka yake tafiya, mu yi ta lallaɓa shi ya ci. Ya tambaya ko wani abu ya canja a gida. Na ce babu. Maman yara ta hau kallon labulen taga kamar za ta saya.

A mota ne ta sauke mini. "Kai da kake cin abinci da kuskuren mutane. A kawo maka littafin da babu abin gyarawa a ciki, mu ga ko za ka tashi da safe."

Na ce wannan kwatancen yana da rauni ta fuskoki da dama.

Ta ce to.

Talata, 20 ga Mayu

Na sassauta doka, na ɗan lokaci, saboda jin ƙai. Na zaro rimot daga bayan ƙamus, aka sa wa Baba riga, shi dai ya miƙa hannuwa kamar yaron da ake shiryawa makaranta. Na kunna tashar daidai lokaci.

Wani mutum ne mai ƙaton agogo yake tallar katifa. Na ce ai talla ce, yanzu za a fara. Ya danna katifa, ya kwanta a kai, ya tashi, ya kawo wata. Har lokaci ya ƙare.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na je gidan talabijin ɗin da kaina, da kwat. Wata mata a ofishin shirye-shirye ta ce, "Asibitin me?" Na maimaita, da ƙaramar murya, don akwai mutane. Ta kira wani dattijo daga ciki. Ya ce an cire shi makon jiya, kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rushewa, kaset ɗin ma sun fara cinyewa, an zubar. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ranka ya daɗe, dama akwai mai kallonsa? Kai ne na farko da ya taɓa tambaya."

Na kusa ce masa ba ni ba ne. Sai na ga ba shi da amfani.

A intanet kiɗan farkon kawai na samu, wani bawan Allah ya ɗora, hoton dishi-dishi. Na sa wa Baba a waya. Ya ɗago kai, wallahi ya ɗago, ya juya wajen talabijin. Kiɗa ya ƙare, babu abin da ya biyo baya. Ya daɗe yana kallon wurin.

Da ma ban sa ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Shayi kawai ya sha, shi ma rabi. Na ɗauko tsohon littafinsa na cututtukan dabbobi na karanta masa babi guda. Duk inda na tsaya sai ya ce, "Haka ne." Na yi niyyar karanta wani wuri ba daidai ba da gangan, sai na ga ban san daidai ɗin ba balle in karkace.

Bango guda na littattafai a ɗakin nan. Babu wanda ya faɗi yadda ake sa cokali a bakin da ya ƙi buɗewa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na ji Maman yara tana kuka a kicin, ta saki famfo don kada a ji. Ban shiga ba. Me zan ce?

Talata, 27 ga Mayu

Abin da na yi yau, kada ya fita daga littafin nan.

Maƙwabciyarmu tana da kaji a bayan gida, ɗaya tana ɗingishi. Na je na ce ta ara mini. Ta ce, "Ara? Kaza?" Na ce eh, zan dawo da ita da ranta.

Na shirya in yi komai ba daidai ba a gaban Baba, kamar likitan shirin. Ashe ba na buƙatar shiri. Ina shiga falo ta fizge, na cafko fiffike ɗaya, ta tsala ihu, ta yi mini kashi a wando, ta ture kofi. Maman yara ta tsuguna don dariya. Tabarau ɗina yana ƙarƙashin kujera.

"Kai!"

Muryar faɗan Baba ce, wadda na yi makonni ban ji ba.

"Wane irin mutum ne kai? Haka ake riƙe kaza? Kawo ta nan."

Hannuwan da ba sa iya maɓalli suka haɗe fikafikan, suka kwantar da ita a cinya, ta yi tsit. Ya bi ƙafar da yatsa. Zare ne ya naɗe mata yatsa har ya nutse. "Nas, almakashi." Ya yanke, ya wanke da ruwan gishiri, yana faɗa tun daga farko har ƙarshe: mutane su ajiye dabba ba su san ciwonta ba, sai ta kusa mutuwa su kwaso ta.

Da ya gama ya jingina ya ce, "Nas, a ba ni wani abu in ci. Mutanen nan sun gajiyar da ni."

Bai ci da yawa ba. Amma da hannunsa ya ci.

Ina fita da kaza ya ce, "Malam, na ga ba mugunta ba ce, sakaci ne. Ka dawo da ita gobe in duba."

Na ce to, Likita.

Juma'a, 30 ga Mayu

Kazar ta warke, abin takaici. Jiya na bi gidajen layinmu ina tambayar ko akwai mai dabba marar lafiya. Mai shagon kusurwa ya ce zai ba ni kyanwarsa, amma lafiyarta ƙalau. Na ce zan san abin da zan ce yana damunta. Yaran layi sun fara bina da kallo.

Likitan Baba ya ce a waya wannan ba zai tsayar da ciwon ba. Na sani. Yau ma da safe Baba ya tambaye ni ko na ga ɗansa, wai ya daɗe bai zo ba. Na ce yana hanya. Dabbobin layin nan kuma ba su da yawa, ban san abin da zan kawo makon gobe ba.

Shirin dai shirme ne, ban janye ba. Hana shi da na yi ne ba daidai ba.