Goggo a Kan Keken Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da ɗalibanki, da wannan makarantar taku da waya ba ta shiga. Direban motar kaya ne zai kawo miki takardar nan.

Albishirinki! An sallamo Mama daga asibiti. Ƙafar da ta shanye ta fara takawa, jiya da sanda ta kai har bakin ƙofa, ni kuwa na yi ta tsalle kamar ƙaramar yarinya. Saura baki. Likita ya ce maganar tana nan, amma in ba ta riƙa gwadawa ba, za ta iya tafiya ke nan. Ita kuma ta ƙi. Tun ranar da ta nemi ruwa a gaban 'yan dubiya kalmar ta fito a karkace, ta kulle bakinta.

Yaya, Mama fa! Matar da mai kawo yadi ke shirya amsa tun daga gida kafin ya shigo shagon ɗinkinta, kuma duk da haka ya fita yana sosa ƙeya.

Kowa lallaɓa ta yake kamar ƙwai. Har Goggo, ƙanwar Baba, wadda ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi musayar baƙar magana ba, yanzu sai ta zauna gefen gado tana, "Sannu, matar yayana, sannu." Mama sai ta juya fuska bango. Tsoro nake ji.

Yaushe za ki zo? Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na kuma gode wa Allah da wannan sauƙi.

Ku ne kuke rufe mata baki da sannunku. Mace ta rayu tana mayar da martani, kun hana ta abin mayarwa. Me ake ce wa "sannu" in ba "yawwa" ba?

Ga shawarata. Ki ɗauko keken ɗinkinta daga shago, ki ajiye inda take gani daga gado. Ki ba Goggo yadi, ki ce ta ɗinka riga. Kin dai san hannun Goggo. Ki roƙe ta ta dawo da halinta na da, kada ta rage komai. Amma fara tambayar likita, saboda hawan jini.

Batun zuwa, jarrabawa ta matso. Kuma in faɗa miki gaskiya, ban san yadda zan shiga ɗakin nan Mama ta dube ni ba ta ce na rame ba, ba ta kushe ɗaurin ɗankwalina ba. Ba zan iya ba tukuna.

Ki gaishe da Baba. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki

Yaya! Yaya!

Gaisuwa daga baya!

Likita ya yi dariya, ya ce a gwada, amma a tsaya da zarar ta gaji. Goggo ce ta ba ni wahala. Ta ce, "Ni in tsokani marar lafiya? Ina da imani fa!" Na ce Yaya ce ta ce. Ta ce, "To, alhakin a wuyanta."

Da safe ta hau keken. Wayyo, Yaya, da kin ga ta'asa! Zare ya cukurkuɗe, allura ta karye, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mama ta juyo daga bango. Idonta na kan keken, hannunta mai lafiya yana damƙar zanin gado.

Goggo ta ɗaga rigar sama ta ce, "Auta, dubi nan! Ashe ɗinkin ba wani abu ba ne, shekara da shekaru ana yi mana kuri. Daga yau shagon nan ni zan riƙe."

Goggo ta ƙara wuta: "Ɗan karkacewar nan ma ba laifina ba ne. Keken ne ya tsufa, ya kamata a jefar."

Sai muka ji murya, a shaƙe, ɗaya bayan ɗaya: "Shi... ya tsufa... yana ɗinki. Ke... kin tsufa... kina surutu."

Na ƙwala ihu har Baba ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya. Goggo ta saki rigar, ta rungume Mama tana kuka tana cewa, "Ƙara zagina, don Allah, ƙara!" Mama ta ture ta, ta ce, "Hanci... a kan zanina."

Tun daga nan ba mu huta ba. Kalmomin suna tuntuɓe, amma ko a jikinta. Ta kushe shayina, ta kushe askin Baba, ta sa Goggo warware rigar nan kaf. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Ga 'yar takarda a ciki. Ita ta faɗa, ni na rubuta. Sai kin zo!

Auta

'Yata,

Ina gaishe ki. An ce ke kika ɗora Goggonki a kan kekena.

Naki martanin yana nan na ajiye. Ba na takarda ba ne.

Ki zo. Ki ɗaura ɗankwalin yadda kika saba.

Mamanki