Cikin Sani a buɗe

Dakoro, daren Laraba.

Yanzu na dawo daga asibitin Maradi. Ƙanena Sani, da sa ya soka da ƙaho a kasuwa, yana raye. Likita bai ɗinke cikin ba, ya lulluɓe shi da leda mai tsabta har sai kumburin hanjin ya sauka. In an matse yanzu, numfashi zai gagare shi.

Kawu Idi, gwanin ɗinkin takalma, ya ce mini: "Malam, rabin aiki aka yi! Gobe mu ɗauke yaron mu kai Kano."

Na ce: "Kawu, hanji ba fatar akuya ba ne."

Ya kira ni ɗan lakwal, wato ɗan boko, mara kunya. Na amsa. Makullin motar gidanmu yana aljihuna, kuma da wandon zan kwana.