Wadda Ta Tsaya A Haguna Ranar Yaƙin Kogi

Zuwa ga Mineko, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, ruwan farko da ya sauka a gonar da kowa ya riga ya fid da rai da ita,

Kada ki yi mini dariya don na rubuto miki wasiƙa alhali ɗaki ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci. Kin san yadda harshena ya koma tun da ciwon nan ya shanye mini ɓarin hagu. Magana takan taso daga ƙirjina cikakkiya, kafin ta iso leɓe ta kakkarye. Jiya da safe na yi yunƙurin ce miki na gode, sai kika miƙo mini gishiri. Hannun damana dai bai juya mini baya ba, don haka shi na ɗora wa wannan aiki. Ki zauna, ki sa tabaranki, ki karanta a hankali.

Ya hasken gidana, kin tuna yadda kike kallon ƙungiyarmu a da? Shekara da shekaru ina tashi daga tuƙin bas ranar Asabar in wuce zauren unguwa, mu zauna mu da tsofaffi irina muna yanka kwali, muna shafa masa baƙin fenti, muna zura igiya rami bayan rami har ya zama sulke. Duk bazara, idan bishiyoyin sakura suka yi fure a bakin kogi, mu fita mu kwaikwayi yaƙin da kakanninmu suka gwabza a wurin. Ni kullum sojan ƙasa ne mai mashi, a ɓangaren da aka ci da yaƙi. Ko sau ɗaya ba ki taɓa zuwa kallo ba. Kina cewa ba za ki bar wanki ki je ki ga manyan mutane masu jikoki suna birgima a taɓo ba. Idan na dawo da yamma jikina duk laka, sai ki leƙo daga kicin ki ce, "Ka mutu lafiya? To cire wannan kafin ka tako mini tabarma." Amma wa yake wanke rigar? Wa yake cusa mini dunƙulen shinkafa a jaka tun kafin in farka? Ina gani, furen zuciyata. Tun a lokacin ina gani.

Sai ga kakar nan da na faɗi a ƙofar gida da makullin mota a hannuna. Na dawo daga asibiti rabin mutum. Na sa kika tura akwatin sulke can ƙuryar kabad. Abokaina suka yi ta zuwa gaisuwa, ina juya fuska ga bango har suka rage zuwa. Na zama kamar itacen da tsutsa ta cinye cikinsa, yana tsaye ne kawai don iska ba ta tuna da shi ba. Da bazara ta zagayo, ƙarar ganguna ta taso daga kogi ta shigo ta taga, na ja jiki na rufe tagar. Kina tsaye a bayana da kofin shayi. Ashe a wannan tsayuwar kika yanke shawarar da ta dawo da ni duniya.

Kajiwara mai awara, shugaban ƙungiyarmu, shi ya ba ni labarin sauran daga baya, yana dariya har da hawaye. Ya ce kin same shi a shago kika nemi a mayar da ni cikin sahu, ya ƙi. Ya kawo miki maganar duwatsun bakin kogi, da guje-guje, da hayaƙin bindigar toka, ya ce idan wani abu ya same ni da wane ido zai dube ki. Ba ki yi gardama ba, kika sayi awararki kika tafi. Washegari kika dawo, da jibi, da gata, kina tsayawa a gefen teburinsa shiru har masu saye suka fara tambayarsa laifin da ya yi miki. Ranar da ya gaji ya ce ki faɗi abin da ke bakinki, sai kika kira shi da lakabin girmamawa kika ce:

"Kajiwara-san, ba faɗuwa ce aikin rundunarsu ba? To yanzu duk cikinku babu wanda ya kai mijina iya faɗuwa."

Ya tambaye ki wa zai riƙe ni har in isa wurin faɗuwar. Kika ce ke. Ya ce ba a shiga fili da kayan gida, duk wanda zai tako wurin sai ya sa sulke, ya koyi riƙon mashi kamar kowa. Yana zaton a nan za ki karaya. Bai san wadda na aura ba!

Haka kika fara ɓacewa duk Asabar kina cewa kin tafi ajin jera furanni, kina dawowa da baƙin fenti a ƙarƙashin farce. Ni da na yi rabin rayuwata cikin warin fentin nan, kina tsammanin ban gane ba? Na gane, amma tsoro ya hana ni tambaya. Ke mai ciwon gwiwa, ke da ko tsani ba kya son hawa, kina can cikin sanyin hunturu kina koyon taku da juyi tare da ɗalibai sa'annin jikokinmu. Kika warware sulkena gaba ɗaya kika sake haɗa shi. Kika rage masa nauyi, kika mayar da duk maɗaurinsa ɓangaren dama don in iya ɗaurawa da hannu ɗaya, kika ɗinka wani majanyi a cikin hannun rigar inda mataccen hannuna zai kwanta ba tare da yana lilo a gaban jama'a ba. Wace rana ce take narkar da ƙanƙara da irin wannan haƙuri? Wane kogi ne yake zagaye dutse da irin wannan naci?

Ba zan manta ranar da kika fito daga ɗakin ciki cikin naki sulken ba, kwalkwali ya yi miki yawa ya rufto har kan hanci, kina ɗaga kai sama don ki gan ni. Kika ajiye nawa a gabana kika ce in tashi. Na girgiza kai. Kika ce shi ke nan, za ki tafi ke kaɗai ki mutu a madadina, kuma za ki tabbatar duk gari ya ji cewa matar Tatsuo ta fi shi zuciya. Na buɗe baki in yi faɗa, sai dariya ta kubce mini, karkatacciya, mummuna, irin wadda ban san tana nan ba. Daga ranar, kowace safiya muna kan hanyar gaɓar kogi, mashi ya zama sandata, kafaɗarki a ƙarƙashin hammatata ta hagu, kina yi mini tsawa idan na ja ƙafa, kina share mini yawu da gefen gyalenki idan babu mai kallo.

Akwai abin da ban iya gaya miki ba a lokacin. Tafiyar ba ta ba ni tsoro ba, ƙasa nake tsoro. Tun ranar da na zame a banɗaki na kwanta ina jiran ki dawo daga kasuwa, na san idan na kai ƙasa ba ni da ikon tashi. Ga shi kuma za ki kai ni gaban mutanen gari duka, waɗanda na yi shekaru ina ɗauka ina saukewa a bas, in kwanta a ƙasa da gangan.

Ranar ta zo da rana mai laushi da iska mai ɗauke da fure. Gaɓar kogi ta cika maƙil, iyalai sun shimfiɗa tabarmi, ƙanshin gasasshen kifi yana gauraya da hayaƙin bindiga. Aka busa ƙaho, ganguna suka amsa, ƙirjina ya amsa musu. Muka taka. Kowane soja da tutarsa a baya, amma ke kin ɗaura tawa tare da taki a bayanki don kada nauyinta ya rinjaye ni. Sahu ya ruga, mu muka bi a hankali, sai na lura na kusa da mu ma sun rage gudu ba tare da wani ya umarce su ba. Abokan gaba masu jajayen sulke suka keto ruwa suka auko mana da ihu. Wanda ya nufo ni da takobi a sama, ta cikin abin rufe fuskarsa na gane idon Okabe wanzami. Ya ɗora takobin a kafaɗata a hankali kamar mai gudun tashin jariri, ya ce ƙasa-ƙasa, "Barka da dawowa, Tatsuo-san. To, ka mutu."

Kika sauke ni kan ciyawa kamar mai ajiye kwanon tangaran, sannan kika yi wata irin faɗuwa a gefena, wadda har yau ɗalibai suke kwaikwayo. Na rufe ido. Sanyin ƙasa ya ratsa bayana, ƙafafun mutane suna girgiza ta, furanni suna sauka a fuskata ɗaya bayan ɗaya. Tsoron da nake jira bai zo ba. Na kwanta lamo kamar yadda na saba, har na wuce yadda kike so. Na ji numfashinki ya canja. Yatsunki suka lalubo wuyan hannuna, kika raɗa mini:

"Baban yara, wasa kake ko da gaske ne?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba, amma ta fito tsaf, babu inda ta karye: "Yi shiru. Gawa ba ta magana."

Ai sai sulkenki ya hau kaɗawa. Kina dariya kina danne baki da hannu, hawaye yana gangarawa cikin kunnenki, ga gawawwakin da ke kewaye da mu suna ta gyaran murya. Mineko, tauraruwar asubata, mun yi aure muna matasa, mun ga teku tare, mun ga haihuwa da rashi, amma ban taɓa jin kusancinki kamar a wannan kwanciyar cikin taɓo ba.

Da aka busa ƙahon tashi, matattu suka miƙe suna kakkaɓe jiki, na rage ni kaɗai a ƙasa. Kika ja, kika sake ja, gwiwarki ta ƙi. Fili ya yi tsit. Sai ga Kajiwara, wanda shi ne sarkin yaƙin masu nasara a ranar, ya taso daga kujerarsa, ya cire kwalkwalinsa mai ƙaho ya ajiye a ciyawa, ya durƙusa ya zura hannu a bayana. Yana ɗagawa yana mita wai na yi nauyi, wai matata tana shagwaɓa ni da abinci. Kuka tsayar da ni a tsakaninku, tafi ya ɓarke daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ban ji kunya ba. Na ɗaga mashina sama da hannun da ya rage mini.

Da me zan biya ki? Ko zan tara furannin da suka zuba a kogin nan tun zamanin kakanni in shimfiɗa miki a hanya, ba su kai darajar safiya ɗaya daga cikin safiyoyin da kika ɗauke ni a kafaɗa ba. Na gode, Mineko. Na gode da taurin kanki, na gode da ƙaryar ajin furanni, na gode da gwiwar da kike shafa wa magani a ɓoye.

Yanzu ga roƙona. Makon jiya da Kajiwara ya zo, ina ɗaki amma kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji ya ce jagoran masu mashi zai koma garin Sendai wurin ɗansa, kuma 'yan ƙungiya sun haɗa baki ke suke so ki gaje shi, don sabbin shiga muryarki kaɗai suke bi. Na ji kin ce a'a, wai wurinki yana haguna. To amma ni na ga fuskarki lokacin da ganguna suka tashi. Na kuma hango ki ta taga kina juya tsintsiya a tsakar gida kamar mashi, kina ba shukokinki umarni. Kin shigo wannan abu domina, amma ya zama naki, kuma ba zan yarda in zama dutsen da aka ɗaure wa tsuntsuwa a ƙafa ba.

Na riga na yi magana da Okabe, da baki da nuni har ya fahimta. Ya yarda zai bar jajayen ya dawo cikinmu ya tsaya a haguna, ya ce dama ya gaji da cin nasara. Ni kuma na yi miki alkawari zan riƙa fita gaɓar kogi kowace safiya, ko da ruwa ko da ƙanƙara, har in iya durƙusawa in tashi da mashina kaɗai. Ki karɓi tutar jagorancin. Ina so bazara mai zuwa in hango bayanki a gaban sahu, furfurarki tana leƙowa ta ƙarƙashin kwalkwali, muryarki tana keta hayaƙi. Zan zama na ƙarshe a layi, wanda ya fi kowa nawar tafiya, amma duk inda kika nuna da hannu can zan nufa, kuma babu sojan da zai bi ki da zuciya ɗaya kamar ni.

Muddin kogin nan yana gudu, muddin akwai numfashi a rabin jikin da ya rage, da shi da rabin da ya yi barci duk naki ne.

Mijinki kuma sojanki har ƙarshen rai,
Tatsuo