Mita Tamanin da Bakwai a Saman Kabarin Mijin Inna Azhi

Litinin, 13 ga Maris
Sati shida da kama aiki. Na sauka matakala 412 cikin bangon dam don karanta awo. Bangon ya karkata milimita 1.4 daga wancan satin. Na auna sau uku. Malam Kuang, shugabana, ya ce siminti ma yana miƙa idan ya ji ɗumi, in bar zare ido.

Alhamis, 16 ga Maris
Taliya da yaji. Inna Azhi mai dafa mana abinci ta ƙara mini ƙwai, wai ƙafafuna kamar tsinken cin abinci. Rana ta leƙo kwazazzabon da muke ciki da ƙarfe 10:40, ta tafi 2:15. Ina son wurin nan.

Talata, 21 ga Maris
Ashe ƙauyen Inna yana ƙarƙashin tafkin dam ɗin. Da aka tashe su an kwashe kaburbura, ban da na mijinta, don dutse ya rufta a kai. Shekara goma sha huɗu, duk ranar ziyarar kaburbura, daga gaɓa take zuba masa giya. "’Yar boko, ke da kike auna komai, auno mini tsohon nan."
Na ce zan duba. Me ya kai ni?

Lahadi, 26 ga Maris
Na samo taswirar ƙauyen ta kafin gina dam. Inna ta tuna wata bishiya da suke kira gyaɗar dutse da kwanar rafi kusa da kabarin. Da su na yi lissafi. Kuskuren zai iya kai mita talatin ta kowane ɓangare. Talatin! Sai ta shayar da gonar maƙwabci.

Asabar, 1 ga Afrilu
Malam Kuang ya duba, ya ce lissafin daidai ne. Na tambaye shi yadda zan yi mata bayanin mita talatin ɗin. Ya ci gaba da shan shayinsa.

Laraba, 5 ga Afrilu
Yau ce ranar ziyarar kaburbura. Ni da Inna mun shiga kwalekwale 9:05. Ruwa lumui. Na shirya jawabina tun jiya.
Da na'urar nuna hanya ta nuna wurin na sa aka kashe inji. Inna ta riƙe kwalbar giya da hannu biyu. Ta tambayi zurfin, na ce mita tamanin da bakwai.
"Nan ne?"
"Nan ne, Inna."
Ta tsiyaye ta tas, tana yi masa faɗa wai ko ya mutu sai an wahala nemansa.
Ban faɗi sauran ba. Wataƙila mantawa na yi.
Awon yamma sau ɗaya na ɗauka.